Firam ɗin kabon mai garanti ko na ƙarfe mai karɓar walda?

Mai neman keken hawan duwatsu yakan tsaya tsakanin firam ɗin kabon (zaren kabon da aka haɗe da danƙo ya daskare), wanda ba shi da nauyi kuma yake zuwa da garanti mai tsawo, da na ƙarfen 4130 (wani nau'in ƙarfe mai ƙwari da ake ƙera firam da shi), wanda ya fi nauyi amma yake jure wahala.

Kamfanoni irin su Trek da Specialized suna ba wanda ya fara sayen keken garantin firam na tsawon rayuwarsa, sai dai wannan alƙawari ya shafi kuskuren ƙira ne kawai, bai shafi ɓarnar faɗuwa ko karo da dutse ba. Dole ne kuma a nuna rasit, a bi ta hannun dillalin kamfanin, sannan a zauna jira, keke yana jingine a zaure. Wanda ya sayi nasa a gwanjo, kamar yawancinmu, da wuya ya amfana da komai. Abin da ya fi damuna da kabon shi ne yakan tsage ta ciki alhali fentinsa yana ƙyalli, shi ya sa masana suke ƙwanƙwasa shi da tsabar kuɗi suna sauraron inda ƙarar ta mutu.

Ƙarfe kuwa yakan lanƙwashe kafin ya karye, ya ba mahayi gargaɗi, kuma ƙwararren mai walda zai iya ɗinke shi. Tsatsa ce abokiyar gabarsa, musamman da damina. Ga wanda babu dillali kusa da shi, ni dai ƙarfen zan zaɓa.