Sarƙar wuyan masu tsafin Dogon: tsohuwa zaka saya, jabu ko sabuwa?

Duk wanda ya fara tara kayan gargajiya to akwai ranar da wani dillali zai ja shi gefe, ya kwance wani tsumma a hankali kamar mai kwance zinare, yace Alhaji wannan sarƙar daga wuyan Hogon, shugaban addinin Dogon, aka ciro ta. Ni an min haka yafi sau biyar, kuma duk wanda ya faɗa min labarin iri ɗaya ne, wai tsohon ya rasu, 'ya'yansa sun musulunta basa so. To bari muyi maganar da kyau tun kafin kuɗinka ya fita.

Da farko ka san me kake nema. Dogon suna ƙasar Mali ne a gindin dutsen Bandiagara, doguwar katangar dutse ce mai kusan kilomita 150 wadda UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 1989. Hogon shine babban shugaban addininsu, dattijo ne da ba a ko taɓa jikinsa. Sai kuma masu kula da tsafin dangi da ake kira binu, su ne ke rataya wani dutse mai suna duge a wuya, kuma ba saya suke ba, mutum sai abin ya hau kansa ya fita yana yawo har ya tsinto dutsen wanda ya gabace shi, wannan ne shaidar cewa shi aka zaɓa. Kaga kenan ba abin kwalliya bane da za a samu buhu guda a kasuwa. Idan mai shago ɗaya yana da guda goma a rataye to lissafin ma bai fita ba.

Wadda aka fi tallatawa itace tsohuwa marar takardar da ke nuna tarihinta, kuma ita nafi tsoro. Abu biyu ne, ko dai ƙarya ce ko kuma gaskiya ce, kuma wallahi idan gaskiyar ce tafi muni. Tun rikicin da ya ɓarke a Mali a 2012 ya gangaro tsakiyar ƙasar, ƙauyukan Dogon da yawa sun watse, masu yawon buɗe ido sun daina zuwa, mutane sun gudu sun bar rumbuna da ɗakunan tsafi ba mai gadi. Kayan da ke fitowa a irin wannan hali ba ciniki bane, ko sata ce ko yunwa ce tasa aka sayar a wulaƙance. Ga kogunan Tellem, mutanen da suka zauna a dutsen kafin Dogon, inda suke binne matattunsu, an daɗe ana hawa ana kwashe matashin kai na itace da tufafi da ƙarafa. Mali tana da dokar kare kayan tarihi tun 1985, Amurka ta hana shigar da kayan da aka tono daga kwarin kogin Neja a 1993, a 1997 aka haɗa da kogunan Tellem ɗin. Wato ko ka saya, ranar da kazo fitar da ita ko sayarwa a wurin mutunci ba mai karɓa, kwastam ma na iya ƙwacewa. Mu nan ai ba baƙon abu bane, mun ga yadda aka yi wa gumakan yumɓu na Nok da na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar, har sai da hukumar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta saka su a jan jerinta na kayan tarihin da ke cikin haɗarin sata a 2000.

Sai jabu, wadda itace kaso mafi yawa a kasuwa. Kuma kar ka raina masu yinta, gwanaye ne. Ana rataya kaya a madafa wata da watanni kunkunniya ta kama, ana shafa man kaɗe da toka, ana tauna goro a fesa, itace kuma a binne kusa da suri gara ta ɗan ci gindin. Ƙarfe a jiƙa shi da ruwan gishiri yayi tsatsa cikin sati biyu. Wata rana an miƙo min wata sarƙa, baƙin ƙarfe da duwatsu uku da ɗan mutum-mutumin tagulla a tsakiya, kyakkyawa ƙwarai, na shinshina naji hayaƙi sabo kamar yanzu aka sauke tukunya, na goga farin hankici a bayan dutsen sai ga baƙi ya fito. Dattin shekara ɗari baya bin hankici, ya riga ya zama jikin abun. Sannan na leƙa hujin duwatsun, a miƙe suke santal, bakinsu da kaifi, alamar injin huda. Dutsen da ya shekara yana lilo a igiya bakin hujinsa yana cinyewa ta gefe ɗaya, yayi sumul, inda nauyi ke ja. Haka ɓangaren da ke kwanciya a ƙirji da bayan wuya, nan ne gumi ke sa ƙarfe sheƙi, idan kaga tsufan ya bi ko'ina daidai wa daida har inda hannu baya kaiwa to yi masa akayi. Na mayar masa da kayansa cikin mutunci, shima ɗin sarowa yayi.

Kuma mu faɗi gaskiya, wannan harka 'yan'uwanmu Hausawa suna cikinta dumu-dumu, daga Abijan zuwa Bamako zuwa Lome har Niyok, su ne ke yawo da kayan. Akwai masu amana a cikinsu da zasu ce maka wannan kwafi ne tun kafin ka tambaya, irinsu ka riƙe su hannu bibbiyu.

Akwai wata dabarar ta tsaka-tsaki da take ruɗa mutane sosai: duwatsun tsoffi ne na gaske amma sarƙar jiya aka haɗa ta. Tsakiyar gilashi ta Benis a Italiya da jan dutsen nan da ake kawowa daga Indiya da Jamus sun cika Afirka ta Yamma shekaru aru-aru, ko a kasuwar Kurmi zaka same su. Sai mutum ya tsinto su nan da can, ya zura a fata, ya laƙaba mata sunan Dogon farashi ya ninka. Ba laifi ka saya in tayi maka, amma ka biya kuɗin tsakiya, kar ka biya kuɗin labari.

Tsohuwa mai takarda ita ce ta masu hannu da shuni. Ana samunta a manyan gidajen gwanjo da shagunan Faris da Brasels, kuma abinda kake biya rabi takardar ce: wa ya mallaka, yaushe ta bar Mali, an taɓa buga hotonta a littafin baje koli. Shekarar da ake dubawa itace 1970, lokacin yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan tarihi, abinda aka tabbatar ya fita kafin nan yafi kwanciyar hankali a doka. Amma ni ko wannan zuciyata bata gama natsuwa da ita ba. Tawagar Marcel Griaule, wani Bafaranshe mai binciken al'adu, da ta ratsa daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933 ta kwashi kaya sama da 3,000 zuwa Faris, wasu da ciniki wasu da fin ƙarfi, kuma duk suna da takarda. Yanzu iska ta juya, Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, Jamus ta fara dawo wa Najeriya da tagullar Bini a 2022. Saboda haka ka karanta takardar da kanka, satifiket ɗin da mai shago ya buga da hannunsa ya sa hatimi ba shine tarihin kaya ba.

Ni dai inda na tsaya itace sabuwa wadda aka kira ta sabuwa. Maƙeran Dogon suna nan da ransu, har yanzu suna zubin tagulla da kakin zuma suna bugun ƙarfe irin na kakanninsu, da yawa rikici ya koro su zuwa garin Bandiagara da Mopti da Bamako kuma aikin hannun nan ne abincin yaransu. Ka sayi sarƙa ko zobe ko ƙofar rumbu da aka sassaƙa bana, ka san sunan wanda yayi, kuɗinka ya shiga hannunsa, ba wanda aka raba da abin ibadarsa. Su kansu mutanen sun nemo hanya, a ƙauyen Fombori kusa da Duwanza aka buɗe bankin al'adu a 1997, mutum ya ajiye kayan gadonsa a ɗan gidan tarihin gari a bashi rance, kayan na nan ba a sayar ba, in ya biya bashi suna nan nasa.

In sabuwar zaka ɗauka ka duba nauyi, tagullar kirki tana da nauyi a hannu, ta banza fayau take kuma zaka ga ramuka inda zubin bai cika ba. Ka duba mahaɗar ƙarfen ko bugu ne ko walda. Ka ce a baka ita ba tare da an shafa mata komai ba, sau da yawa har ragi zaka samu tunda an huta da aikin tsufarwa. Ka karɓi rasit da ya rubuta cewa sabon aiki ne, in daga Mali zaka fito da ita ka bi ta gidan tarihi na ƙasa a Bamako a baka takardar fita, a Najeriya kuma hukumar gidajen tarihi ce ke badawa. In ka kai gida kar ka wanke da omo ko ka goge da man goge ƙarfe, busasshen tsumma ya isa, kuma da damina ka raba ta da bango mai danshi don igiyar fata bata jure raɓa.