An min aiki a asibitin kuɗi a Kano: mai allurar baya ya burge ni, amma kula da zafi da daddare sai a hankali

Masu tambayata yadda na ga asibitin da aka min aiki aka ciro min yarinyata, ga shi zan faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Asibitin kuɗi ne a nan cikin Kano, ba zan kama suna ba don akwai abin da zan faɗa da ba zai musu daɗi ba, kuma ni ba faɗa na zo yi ba. Tsafta da janareta da fara'ar masu yankan kati duk lafiya lau, wannan kowa na iya gani da idonsa ranar awo. Abin da ba a gani sai an kwanta shi ne waye zai kashe miki jiki kafin a yanka, kuma waye zai kula da zafin in allurar ta sake ki. A na farkon na ba su maki cikakke, a na biyun kam da ƙyar suka ci rabi.

Likitan sa barci daban yake da likitan mata, mutane da yawa ba su ma san da shi ba sai sun gan shi da hula a kansu. Nasu ya zo har ɗaki tun daren da za a wayi gari a yi aikin, ya ja kujera ya zauna. Ya tambaye ni ko ina da olsa, asma, hawan jini, ciwon ƙoda, ko an taɓa min allurar barci, ko akwai maganin da jikina ba ya so, har da su jiƙe-jiƙen gida sai da ya tambaya, ya sa na wangale baki ya leƙa, ya danna ƙashin bayana da yatsa. Sannan ya ce Hajiya abinci ki tsaya da shi saura awa 6, ruwa zalla kuma za ki iya kurɓa har saura awa 2. Ummanmu da ke gefe ta ce a'a likita, mu da muka sani daga sha biyun dare ba ci ba sha. Ya yi dariya ya ce Umma wancan tsohon tsari ne, tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da wannan ƙa'idar, abin gudun dai kar amai ya taso ya faɗa huhu, shi kuwa farin ruwa ba ya daɗewa a ciki. Amma fa ya ja kunne, kunu ba ruwa ba ne, shayi da madara ma abinci ne.

A ɗakin tiyata sanyi kamar me, suka zaunar da ni a bakin gado na rungume filo na sunkuya, wata sista ta riƙe min kafaɗa, shi kuma yana baya yana faɗa min duk abin da zai yi kafin ya yi, yanzu zan goge za ki ji sanyi, yanzu za ki ji ɗan tsini kar ki motsa. Wallahi sa min kanula a hannu ya fi allurar bayan nan zafi. Maganin da ya zuba Marcaine sunansa, ko minti biyu ba a yi ba na ji ɗumi na gangarowa, ƙafafuna suka koma kamar buhun masara biyu da aka ajiye min a gadon. Abin da ya fi burge ni bai bari an taɓa ni da wuƙa ba sai da ya jiƙa auduga da sifirit yana ɗora min daga cinya yana hawa sama, nan fa sanyi kika ji ko taɓawa kawai, har sai da ya kai ƙasan ƙirji. Ya riga ya gaya min zan ji ana ja ana dannawa amma ba zafi, da bai faɗa ba da na ɗauka allurar ce ba ta kama ba na tayar musu da hankali. Can jinina ya ɗan sauka zuciyata ta fara tashi, kafin in gama cewa likita amai ya riga ya tura wani abu a kanula. Karkarwa kam na sha ta, haƙora har haɗuwa suke, ya ce haka take yi wa mata da yawa. Tun farko har aka gama bai bar wajen kaina ba, idonsa na kan na'urar nan mai ƙara da aka maƙala min a yatsa.

Masu tsorata mata cewa allurar baya tana bar wa mutum ciwon baya har abada ko ta shanye ƙafa, don Allah a rage. Ciwon baya bayan haihuwa har wacce ta haihu da kanta tana yi. Kuma ga mai ciki ita ta fi barcin gaba ɗaya aminci a yawancin lokuta, don sa wa mai ciki robar numfashi a maƙogwaro ya fi wuya, ga shi kina ji kina gani za a nuna miki ɗanki. Abin da take iya kawowa da gaske shi ne ciwon kai, irin wanda in kin tashi zaune ya sara in kin kwanta ya lafa. Da na tambayi likitan sa barcin sai ya ba ni labarin likitan Jamus August Bier da ya fara wannan allura a 1898, har aka gwada a jikinsa, shi ma ya kwanta kwanaki da ciwon kan. Ya ce yanzu siririyar allura ake amfani da ita shi ya sa abin ya ragu sosai. Ni dai ban yi ba Alhamdulillah.

To matsalar daga ɗakin kwanciya ta fara. Marcaine awa biyu zuwa uku ne ta fara sakin mutum, ni kuwa abin da aka rubuta min a folda allurar fenta ce, wato pentazocine mai kashe zafi, wai a yi in na buƙata. Wannan kalma ta in ta buƙata ita ce ta cuce ni. Ma'anarta sai zafin ya taso, sai ƙanwata da ke jinyata ta fita neman sista, sista ɗaya ce da ɗakuna da yawa ga wata na naƙuda, in an same ta kuma makullin durowar magani yana hannun wani, kafin a zagayo ni ina nan na damƙe ƙarfen gado ko tari ba na iya yi, yarinya na kuka ban isa in juya in ɗauke ta ba. Da ta zo ta ce sannu maman bebi ki daure ai haka aiki yake. Ban ga laifinta sosai ba, aikin ya mata yawa, masu asibitin ne ya kamata su ƙara hannu da daddare tunda kuɗin da suke karɓa ba kaɗan ba ne. Amma ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni daga 0 zuwa 10 zafin nawa ne, alhali tambayar nan ba a sayenta. Fentar ma in an yi sai jiri da tashin zuciya, awa uku zuwa huɗu ta sake ki a koma gidan jiya, kuma irin maganin nan ne da in ya kai iyakarsa ko an ƙara ba ya ƙara kashe zafi.

Mu kuma da namu, an taso da mu a kan mace ba ta raki, musamman haihuwar fari kowa na kallonki. Ba a gaya mana cewa zafin da ya hana ki jan dogon numfashi da tari yana iya jawo ciwon huhu ba, wanda ya hana ki tashi ki taka kuma yana ba jini damar daskarewa a ƙafa, ga shayarwa da ke gagara.

Ni mai son bin diddigi ce, da na samu kaina na yi ta karance-karance a waya, sai na ga ashe an daɗe da wuce wannan wajen. Tun 1993 likitan Denmark Henrik Kehlet da abokin aikinsa suka yi rubutu a kan haɗa magunguna masu aiki ta hanya daban-daban maimakon a dogara da allura ɗaya mai sa maye. Ƙa'idar da masanan Turai na PROSPECT, wata ƙungiya mai nazarin kashe zafin tiyata, suka fitar a 2021 kan tiyatar haihuwa ma haka ta ce, farasitamol da irin su diklofenak a kan lokaci ko da zafi ko babu, a kuma ɗiga mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ɗan mitsitsi, maikirogiram 50 zuwa 100, a cikin allurar bayan, wanda zai iya riƙe mace kusan yini da kwana, illarsa da aka fi gani ƙaiƙayi. In babu mofin ɗin a yi allurar kashe zafi a bakin yankan, ko a kashe jijiyoyin bangon ciki ana kallo da na'urar sikanin. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018, ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, majinyata sama da 11,000, aka ga haɗarin mutuwa bayan tiyata a wajenmu ya ninka na duniya sau biyu duk da majinyatanmu sun fi ƙuruciya, kuma yawancin mace-macen ba a kan gadon tiyata suka faru ba, a kwanakin baya ne a ɗakin kwanciya. Wato daidai inda asibitin nan nasu ya yi rauni.

Washegarin aikin da safe likitan sa barcin ya leƙo, yana ganin fuskata ya ɗauki foldar. Na tambaye shi me ya hana a sa min mofin ɗin, ya ce irin wanda ake sawa a baya ba ko yaushe ake samu ba, kuma in an sa sai da mai duba numfashin mace akai-akai duk dare, shi kuma ba zai sa abin da ya san babu mai gadinsa ba. Wannan amsar ta gamsar da ni, ta kuma ba ni haushi. A garin da taramol ke yawo a aljihun yara, kodin sai da gwamnati ta haramta na ruwan a 2018, a nan ne kuma wacce aka yanka ba ta samun maganin da ya halatta a gare ta. Nan take ya soke in ta buƙata, ya rubuta farasitamol giram 1 duk awa 6 da lokutan a jere, da diklofenak na cusawa tunda ba ni da olsa ƙodata kuma lafiya, fenta ta koma ta ko-ta-kwana. Kafin la'asar na sauko da ƙafata ina takawa a baranda ina dafe da ciki. Magungunan nan fa ba wasu na ƙasar waje ba ne, suna nan a kantin asibitin tun jiya.

In za ki je, ko can ko wani wajen, tun ranar awo ki tambaya waye zai yi allurar kuma zai tsaya har a gama, me aka tsara na kashe zafi a awa 24 na farko, sista nawa ke kwana. Ni zan iya komawa saboda likitan nan, amma sai na ga lokutan magani a rubuce kafin a tura ni ciki.

Wajen sallama sun kyauta, mai ba da magani ta zaunar da Abban yara ta ce farasitamol kar ya wuce giram 4 a rana, a kula da magungunan mura don da yawa akwai shi a ciki, kuma kar a je kemis a karɓo haɗi a ɗora a kan diklofenak don yawanci akwai ɗan uwansa a ciki, ciki da ƙoda ne za su ji a jikinsu. Takardar kuɗi ma sun rubuta komai dalla-dalla, a nan na lura farasitamol na ƙarin ruwa ya ci kuɗi ba kaɗan ba, don sun ci gaba da rataya min shi har bayan na fara shan kunu. Da zarar kin fara ci da sha ki ce a mayar miki da shi na haɗiya, aikinsu kusan ɗaya ne kuɗin ne ba ɗaya ba.