Kadherin da intagirin a ɗan tayin kwaɗo: ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kadherin da intagirin aiki ɗaya suke yi, tunda an ce maka dukansu furotin ne masu manne ƙwayoyin halitta. Aikinsu ba ɗaya ba ne, domin abin da kowannensu yake kamawa daban ne.

Kadherin yana haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta, wato wanda ke jikin wannan ya riƙe wanda ke jikin waccan, kuma riƙon ba ya yiwuwa sai da kalsiyam. A kwaɗon Afirka mai suna Xenopus laevis, wanda aka fi yin wannan bincike da shi, uwa ce take tanadar nau'in C-kadherin a cikin ƙwai tun kafin maniyyi ya same shi. Idan aka ɗauki ɗan tayin lokacin da yake ƙwallo mai rami a ciki, aka ɓare fatar da ta lulluɓe shi, aka sa shi a ruwan da babu kalsiyam, sai ka ga ƙwayoyin sun saki juna sun zube ɗaya-ɗaya a gindin faranti. Da zarar an mayar da kalsiyam, sai su sake dunƙulewa.

Shi kuwa intagirin shimfiɗar da ke wajen ƙwaya yake kamawa. Daf da lokacin da ƙwayoyi za su naɗe su shige ciki, zaruruwan wani furotin na wannan shimfiɗar mai suna fibronektin suna bayyana a rufin ramin nan kamar yanar gizo-gizo, kuma a kansu ne ƙwayoyin da za su zama tsoka da jini suke rarrafe, intagirin yana zame musu ƙafa. A 1984 Boucaut da abokan aikinsa a Faransa sun toshe wannan kamun a ɗan tayin Pleurodeles, dangin kwaɗo mai jela, sai rarrafen ya tsaya.

Ni dai ba na son a riƙa kiran kadherin manne kawai, domin manne ba ya sassautawa, shi kuwa dole ne ya sassauta. Brieher da Gumbiner sun nuna a 1994 cewa aktibin, wani sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, yana rage ƙarfin riƙon C-kadherin ba tare da yawansa ya ragu ba, kuma wannan sassaucin ne yake ba ƙwayoyi damar kutsawa tsakanin juna har jikin ɗan tayin ya miƙe daga kai zuwa jela.