Takalmin Hoki Mai Taya Na Gwanjo: Ya Dace Da 'Yan Matan Zariya Masu Son Koyo?

A watan Janairu aka saba buga gasar duniya ta hokin ƙanƙara ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18, wadda hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ke shiryawa. An fara ta a 2008 a birnin Kalgari na Kanada, Amurka ta ɗauki kofin farko, kuma har zuwa 2025 zinaren bai taɓa fita daga hannun Amurka da Kanada ba. A tawagar Kanada da ta ci gasar 2022 akwai Jade Iginla, 'yar Jarome Iginla, tsohon ɗan wasan hokin Kanada wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A 2023 kuma, a Suwidin, Nela Lopusanova ta Sulobakiya, tana da shekara 14, ta ɗauki faifan wasan a bakin sandarta daga bayan raga ta zagayo ta cusa shi ta sama, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Yarinyar da ta kalli bidiyon wannan cin a waya, tambayar da za ta fara yi ita ce ina ake samun takalmin.

A Zariya babu filin ƙanƙara, Najeriya ma ba ta cikin IIHF. Kenya da ta shiga a 2024 tana da ɗan fili a wani otel a Nairobi. Abin da za a iya yi a nan shi ne hokin taya a kan daɓen siminti, irin na filin ƙwallon kwando. Don haka abin da muke dubawa shi ne takalmin hoki mai taya huɗu a jere, wanda kan faɗo jefi-jefi cikin dilar takalman gwanjo a Sabon Gari, ko a sa masu zuwa Kano da Legas su nemo. Hukuncinmu shi ne ya cancanci a saye shi, ya kuma fi sabon takalmin taya mai ƙyalli na shagunan kayan yara nesa ba kusa ba, amma da sharaɗin a ware kuɗin sabbin tayoyi da boris tun kafin a yi ciniki.

Iri uku ake rikitawa. Akwai na ƙanƙara zalla, mai wuƙar ƙarfe a ƙasa, wanda ba shi da wani amfani a kan siminti. Akwai na motsa jiki, mai laushin jiki, da maɗaurin roba a ƙwauri da birki a bayan dunduniya. Na ukun shi ne na hoki: jikinsa tauri gare shi, igiya kawai ake ɗaurewa, bakinsa na roba mai ƙarfi don kare yatsu daga bugun sanda, ba shi da birki, tayoyin kuma suna zaune a kan firam na alminiyam. Sunayen da aka fi gani a jikinsa su ne Bauer, CCM da Mission. Taurin nan shi ne abin da ake biya wa kuɗi. Idan yarinya ta kwanta gefe za ta yi kwana, idon sawunta na buƙatar abin da zai riƙe shi. Takalmin yara mai firam ɗin roba lanƙwashewa yake yi, ƙafa ta riƙa faɗawa ciki, yarinyar ta saba da tsayuwar da ba daidai ba, gyaran ta kuma ya fi koyon farko wahala.

A gaban mai kaya, a fara da matse wuyan takalmin da hannu ɗaya. Idan gefe da gefe suka haɗu ba wuya, ya mutu, komai kyan fatarsa a ajiye shi. Sannan a zaro shimfiɗar ciki a duba kawunan ƙusoshin da suka riƙe firam ɗin. Gumi ne ke cin su. Tsatsa kaɗan ba komai, amma idan an riƙe takalmin an girgiza firam ɗin an ji yana motsi, sai an canza ƙusoshin, kuma ba kowane mai gyaran takalmi ke da na'urar ba. A duba gefen ramukan da ƙusoshin taya ke shiga ko akwai tsaga, domin alminiyam da ya tsage a wurin ba ya ɗaukar walda mai ɗorewa. A tafi da alanki mai milimita 4, wanda shi ne ya fi shiga yawancinsu, a gwada kwance duka takwas ɗin a wurin. Ƙusa ɗaya da kanta ya cinye tana iya hana ka canza taya sai an kai wa mai injin huji.

Lambar girma tana yaudara. Takalmin hoki kan yi ƙasa da lambar takalmin maza ta Amurka da ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don haka kada a saya babu yarinyar a wurin. Ta sa shi da siririyar safa ba tare da ta ɗaure ba, ta tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa baki. Idan fiye da yatsa ɗaya ya shiga bayan dunduniya, ya yi yawa. Iyaye kan ce a bar mata wurin girma, amma a nan ba ya yi, dunduniya za ta riƙa tashi tana gogawa har ta yi bororo. Harafin D a jikin lambar na matsakaiciyar ƙafa ne, EE na mai faɗi.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne taya. A jikin kowace akwai lamba biyu: girma da milimita, da tauri mai harafin A a ƙarshe. Yawancin na gwanjo daga ɗakunan wasa masu santsin daɓe suka fito, da taya 74A ko 76A. Wannan laushin yana kama ƙasa da kyau a can, amma a simintin da rana da ruwa suka ci, ɓarewa take yi gunduwa-gunduwa. A siminti mai sumul 80A za ta yi, a mai kaushi ko kwalta sai 82A zuwa 84A. Takalman hoki da yawa ana ƙera su da tayoyin gaba biyu ƙanana, na baya biyu manya, misali 76 da 80 a na manya, ko 72 da 76 a na ƙasa da su, don jiki ya ɗan karkata gaba. Idan aka sa ta 80 a gurbin ta 76, za ta gogi ƙasan takalmin ta ƙi juyawa. Gefen ciki ne ke fara cinyewa, saboda da shi ake turawa. Da an ga taya ta fara zama kamar bakin gatari, a kwance a juya cinyayyen gefen ya kalli waje, a kai ta ɗaya ƙafar, babba gurbin babba, ƙarama gurbin ƙarama. Wanda ya yi sakaci da wannan juyin zai sayi taya sau biyu a lokacin da wani ya saya sau ɗaya.

Boris ɗin lambarsa 608, faɗinsa milimita 22, raminsa 8. Biyu ne a kowace taya, 16 ke nan a ƙafa biyu. Abin daɗin shi ne ba sai na kamfanin takalmin ba, masu sayar da kayan gyaran injina suna ajiye wannan lambar. A zaɓi mai murfin roba, wanda ake rubuta 2RS a jikinsa, ya fi mai murfin ƙarfe tare ƙurar hunturu. Lambar darajar boris ta ABEC 7 ko 9 da ake ƙara kuɗi a kanta ba ta da tasirin da mai koyo zai ji. A tsakanin boris biyun akwai wani ɗan bututun ƙarfe da ke hana su matsewa, kuma sau da yawa ya ɓace a na gwanjo. Alamar rashinsa ita ce taya na juyawa lafiya idan ƙusa na sako-sako, da an ɗaure ta tsaya cak. Kada a bar ƙusar a kwance don taya ta juya, a nemo bututun. Wanki kuwa, a ɓalle murfin robar da allura, a jiƙa boris cikin kananzir a girgiza, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Man da ya yi yawa fitowa yake yi ya kama ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zarar an ji ƙarar yashi a ciki a wanke. Da damina kuma kada a bi ta kan jiƙaƙƙen daɓe: taya na zamewa, boris na tsatsa kafin gari ya waye.

Sandar ba irin ta hokin ciyawa da aka sani a makarantu ba ce. Wannan ta fi tsawo, ana wasa da fuskokinta biyu, kuma akwai ta hagu akwai ta dama. Idan yarinya na sanye da takalmin, kan sandar ya tsaya mata wajen haɓa. Yanke ta na ƙara mata tauri, saboda haka doguwar sandar manya da aka datse ba za ta lanƙwasu a hannun 'yar shekara 13 ba. A nemi ta yara, mai lambar lanƙwasa 40 zuwa 50. Sandar kabon mai tsada asara ce a kan siminti, gindin bakinta na cinyewa ya tsage. Ta katako mai bakin roba ita ce daidai. Faifan ƙanƙara, baƙar roba mai nauyin giram 156 zuwa 170, birgima yake yi a daɓe maimakon ya zame, don haka ƙwallon roba mara tsalle ake amfani da ita, a kuma nemi mai taurin da aka yi don zafi, domin mai laushi maƙalewa take yi a ƙasa a ranar Maris da Afrilu.

A hular kwano ne ba mu yarda da arha ba. A gasar IIHF kowace yarinya tana sanye da hula mai kariyar da ta rufe fuska duka, da makarin wuya. A kan taya babu wuƙar da za ta yanki wuya, amma sanda da ƙwallo suna samun baki da ido, siminti kuma ba ya zamewa da mutum yadda ƙanƙara ke yi, inda aka faɗi nan ake tsayawa. Hular gwanjo a duba bayanta, akan samu tambarin HECC, hukumar tantance kayan hoki, mai ɗauke da ranar ƙarewar aiki. Idan ranar ta wuce, ko soson ciki ya bushe yana marmashewa, ko akwai tsaga ko da siririya ce, a bar ta. Hular acaɓa ta yi nauyi, tana kuma toshe ganin gefe. A haɗa da makarin gwiwa da ƙwauri, na gwiwar hannu, da safar hannu mai kauri. Mai sa hijabi ta sa ƙarami mai kama kai a ƙarƙashin hular, ba fil ba allura, ta cusa bakinsa cikin riga, ta kuma gwada hular da shi a kanta tun wurin saye. Dogon hijabi ko siket mai jan ƙasa yana shiga tsakanin tayoyi. Wando mai faɗi a kan makarin ƙwauri da doguwar riga zuwa gwiwa sun suturta, ba sa kuma kama komai.

Abin da takalmin ke koyarwa da gaske yana da yawa: durƙusa gwiwa, tura ƙafa gefe maimakon baya, ƙetara ƙafa a kwana, tafiya da baya, da riƙe ƙwallo kai na sama. Duk waɗannan suna bin mutum zuwa ƙanƙara. Abin da ba ya koyarwa shi ne tsayawa. 'Yan wasan da ake gani a bidiyo suna juya wuƙaƙensu gefe su kankare ƙanƙara su tsaya nan take. Taya ba ta kankarewa, kamawa take yi, mai koyon da ta kwaikwayi hakan a guje za ta wuntsila. A fara da jan ƙafa ɗaya a kwance a baya, ko da yake yana cin taya, sannan a koyi tsayawa da ƙaramar kwana.

Filin kwando mita 28 ne da 15, alhali na ƙanƙara tsawonsa ya kai mita 60, saboda haka uku da uku ya fi dacewa da shi a kan biyar da biyar da mai tsaron raga. A share shi tas kafin a fara, tsakuwa ɗaya kan tsayar da tayar gaba. A yi wasa da sassafe ko bayan la'asar. Idan an gama a zaro shimfiɗar ciki a shanya takalmin a inuwa, kada a bar shi a rana ko a but ɗin mota, zafi na sakin gam ɗin da ya riƙe tafinsa.