GCC a kan laftop ɗin tokumbo: -O2 ya ishe ni

Gyaran kwamfuta nake yi a Agege, kuma yawancin laftop ɗin da ke shigowa hannuna tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, daga Computer Village ta Ikeja. Wadda Windows ta yi wa nauyi sai in sa mata Linux, wani lokacin kuma in harhaɗa manhajar da ake buƙata da kaina daga tushenta. GCC nake amfani da ita, kompailar nan da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, wato manhajar da ke juya rubutun tushe zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Ita kanta ba ni da ƙorafi a kanta, kyauta ce kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da zan yi sharhi a kai shi ne saitunan sauri, 'yan haruffan nan da ake zubawa a CFLAGS (inda ake faɗa wa kompaila yadda za ta yi aiki), waɗanda samari ke ta gardama a kansu.

In ba ka ce mata komai ba, GCC a kan -O0 take, wato ba ta gyara komai, sai dai ta gama da wuri ta ba ka manhaja mai jan jiki. Galibin manhajojin da ke zuwa da configure, fayil ɗin da ke shirya harhaɗawa, suna sa -g -O2 da kansu, inda -O2 yake nufin mataki na biyu na gyaran sauri. Tarkon shi ne da zarar ka rubuta naka CFLAGS ɗin, nasu ya tafi. Wanda ya rubuta -march=native shi kaɗai ya koma -O0 bai sani ba, sai ya zo yana cewa harhaɗawa da kai ba ta da amfani.

Yaron shagona ne ya dame ni da -O3. "Oga, ai uku ya fi biyu," in ji shi. Na ce masa to mu gwada. A -O3 kompaila tana ƙara kwafe ƙananan ayyuka ta cusa su a duk inda aka kira su, tana kuma sake fasalin umarnin da ke maimaituwa. Fayil ɗin da ya fito ya fi girma, harhaɗawar ta fi daɗewa, a aikinmu na yau da kullum kuma ban ji bambancin da zan nuna wa mai kaya ba. Ga dalili: tsohuwar Core i3 ko Celeron ma'ajiyarta mai sauri da ke cikin furosesa ƙarama ce, in manhaja ta kumbura sai ta kasa zama a ciki, ribar ta zube a hanya. Ban da haka, tun daga GCC 12 ta 2022, dabarar sarrafa lambobi da yawa da umarni ɗaya ta shigo -O2, duk da a can kompailar tana taka-tsantsan da ita. Shi ma -O9 da wasu ke rubutawa don burga, GCC a matsayin -O3 take ɗaukarsa.

Inda na fi sa ran ganin tasiri shi ne FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, don masu ɗaukar bidiyon biki suna yawan kawo min na'urorinsu. Nan ma shiru. Sassan da suka fi cin ƙarfi a FFmpeg da x264 mai matse bidiyo, da hannu aka rubuta su da harshen asambili, wanda ke magana da furosesa kai tsaye, kuma suna duba furosesa lokacin da suke aiki su zaɓi hanyar da ta dace da ita. Abin da ke kashe musu sauri shi ne rashin nasm, mai fassara harshen asambilin, a na'urar da aka yi harhaɗawar. In configure ya koka cewa babu shi, ka girka shi, kada ka tsallake da --disable-x86asm.

Sai -march=native, wanda ke tambayar furosesar da kake kai abin da ta iya, ya ɗinka manhajar daidai jikinta kamar tela ya auna mutum ɗaya. A na'urar da za ta zauna a gabanka yana da kyau. A sana'a irin tamu kuwa, da ake harhaɗawa sau ɗaya a zuba a filashi a raba wa kwamfutoci barkatai, hatsari ne. Na gwada da gangan don yaron ya gani: na harhaɗa a kan i5 mai AVX2, wato wani rukunin umarni da sababbin furosesa ke ganewa, na kai wa i5 ta zamani na uku, irin ta 2012. Tana tashi ta mutu da "Illegal instruction". AVX2 sai a 2013 ya zo tare da Haswell, furosesar Intel ta zamani na huɗu, kuma Celeron da Pentium da yawa ko AVX na farko ba su da shi, ko da kwalinsu sabo ne. GCC 11 ta 2021 ta kawo sauƙi da -march=x86-64-v2 da x86-64-v3. Na biyun yana buƙatar AVX2, na farkon kuwa SSE4.2 yake nema, wanda kusan duk Core i3, i5 da i7 suna da shi. Core 2 Duo dai ba ta da shi, kuma har yau ana kawo min su daga Mile 12.

-Ofast ban yarda da shi ba sam. Yana kunna -ffast-math, wanda ke ba kompaila izinin sauya jerin lissafin lambobi masu ɗigo, ta kuma ɗauka cewa NaN, alamar cewa amsar lissafi ba lamba ba ce, ba za ta taɓa fitowa ba. Sai ta iya share layin da mai manhaja ya rubuta musamman don kama wannan kuskuren. Manhaja ba za ta faɗi ba, amsa ce kawai za ta karkace a ɓoye. Masu Clang, wata kompailar daban, su ma sun ayyana shi cikin abubuwan da za a daina amfani da su a fitowa ta 19, a 2024.

Abin da ya biya kuɗin fetur ɗina shi ne harhaɗa Python da --enable-optimizations. A nan sau biyu ake aikin: a harhaɗa, a gudanar da gwaje-gwaje kompaila tana lura da hanyoyin da aka fi bi, sannan a sake harhaɗawa bisa abin da ta gani. Wannan kam na ji shi a jikin na'ura. Amma yana cin lokaci ƙwarai, fanka na ihu, laftop ta yi zafi, ga batirin tokumbo da ba ya riƙe caji. Da daddare nake sa shi in na ga alamar wuta za ta zauna, don kunna janareta saboda shi kaɗai asara ce. Ga sauran manhajoji, in an ɗauke wuta, make mai tafiyar da harhaɗawa yakan ɗora daga inda ya tsaya, ccache mai adana abin da aka riga aka harhaɗa kuma yana rage wahalar maimaici.

Ƙorafina ɗaya shi ne bayanin saitunan ya yi tsawo, ga shi da Turanci mai nauyi. Na fi gane wa gcc -O2 -Q --help=optimizers, ya jero min abin da ke kunne da abin da ke kashe. A shago yanzu -O2 -pipe nake sawa, da x86-64-v2 in kayan rabawa ne. -flto kuwa, mai gyara manhajar gaba ɗaya lokacin haɗe sassanta, sai a na'ura mai ram 8GB zuwa sama. Mai 4GB ko make -j4, wato ayyuka huɗu lokaci ɗaya, a kan manhajar C++ ba ta ɗauka, ram ya cika, Linux ta kashe cc1plus, ɓangaren GCC mai harhaɗa C++, ana tsakiyar aiki, don haka a -j2 nake barin ta.