Renon ƙwayar cuta ko gwajin PCR: wanne ya dace da mai kilishi?

Alhaji, ka ce kantin da kake son kai wa kilishi a Ikeja ya nemi takardar shaidar cewa babu Salmonella, wato ƙwayar cutar da ke gurɓata abinci, a cikinsa, ɗakin gwaji kuma ya ba ka zaɓi biyu: mai sauƙin kuɗi da zai kai kwana biyar, ko mai tsada da za a gama washegari.

Mai sauƙin kuɗin shi ne renon ƙwayar cutar. Ana ɗibar giram 25 na kilishin a jiƙa cikin ruwan sinadari mililita 225, a ajiye a ɗumin digiri 37 na kimanin awa 18, domin ƙwayoyin da shanya da gashi suka galabaitar su farfaɗo. Daga nan a mayar da su wani ruwan da ke danne sauran bakteriya, sannan a shafa a faranti. Idan Salmonella tana nan, takan tsiro a farantin renon da ake kira XLD ɗigo-ɗigo, ja da baƙi a tsakiya, amma ma'aikacin kirki ba zai sa hannu ba sai ya ƙara tantancewa, saboda akwai wasu ƙwayoyin masu kama da ita. Shi ya sa amsar "babu" kan fito cikin kwana uku, ta "akwai" kuwa ta kai biyar ko fiye. Ladan wannan jira shi ne an kama ƙwayar da ranta, ana iya gane nau'inta da magungunan da ba ta ji.

Shi PCR, wato mai tsadar, sawun DNA (ƙwayar halittar gado) ɗin ƙwayar yake bi, ya ninka shi har na'ura ta gani. Shi ma sai an yi jiƙon farko na kusan kwana guda, sauran aikin ne na awoyi kaɗan. Rauninsa ya shafi sana'arka kai tsaye: ba ya bambanta matacciyar ƙwaya da rayayyiya, alhali kilishi ya sha wuta, don haka yana iya nuna alamar ƙwayar da gashi ya riga ya kashe. Sinadaransa kuma na bukatar sanyi, ka kuwa san halin lantarkin Legas.

A ganina, tunda kilishi ba tumatirin kasuwar Mile 12 ba ne da zai ruɓe kafin sakamako ya fito, ka fara da renon, bayan ka tambayi kantin irin takardar da suke karɓa. Ka bar PCR sai ranar da oda ta matsa, idan ya ce akwai, a tabbatar ta hanyar reno. In ka aika samfur, a ɗebo shi daga tire daban-daban, a haɗa da labu da yajin da ake barbaɗawa a ƙunshi dabam, domin yajin nan ba ya shiga wuta, kuma hannuwa da yawa ke taɓa shi kafin a rufe leda.