Hattara da masu "tallafin dashen itatuwa" da ke cewa a biya kuɗin fom

Salamu alaikum jama'a. Akwai wani saƙo da ke ta yawo a WhatsApp da Facebook, wai an ware tallafin kuɗi ga ƙungiyoyin unguwa da na matasa masu son dasa itatuwa, wai ka danna linki ka cike fom kafin gobe a rufe. Dan Allah duk wanda ya gani ya dakata tukuna.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne, tallafin dashen itace fa da gaske akwai shi. Shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka da ake kira Great Green Wall tun 2007 aka ƙaddamar da shi, daga Senegal har Djibouti, kuma a taron da aka yi a Paris a Janairun 2021 an yi alƙawarin sama da dala biliyan 14 dominsa. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na GEF, wato asusun kula da muhalli na duniya, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa tun 1992, shi ma ƙungiyoyin al'umma yake ba. To irin waɗannan sunaye 'yan damfara ke ara, su kwafo tambari daga intanet, su liƙa hoton wasu mutane suna dashe, kai kuma kana ganin tambarin sai hankalinka ya kwanta, alhali kura ce da fatar akuya.

Kana cike fom ɗin, kwana ɗaya ko biyu za a turo maka da taya murna wai ƙungiyarku ta yi nasara. Ba wanda ya tambaye ku ina filin yake, na waye, wane irin itace ke yi a wurin, daga ina ruwan bayi zai fito, wa zai tsare shi daga dabbobi. Haba! Wa zai ba da kuɗin dashe bai tambayi ruwa ba? Daga nan sai a ce ku turo kuɗin rijista, kun biya sai kuɗin satifiket, sai kuɗin haraji, wasu ma cewa za su yi dole ku sayi dashen a wajen dilansu, ku fara biya daga baya a mayar muku. Wasu kuma lambar katin ATM ɗinka suke so da OTP, wato lambar sirrin nan da banki ke turowa a waya, wai don a saka maka kuɗin. Ba a buƙatar OTP don a turo wa mutum kuɗi, na cirewa ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne shugaban ƙungiya. Shi suke naɗawa "kodineta", su ce ya tattaro sunan mambobi kowa da kuɗin fom ɗinsa, yawan mutanenka yawan kasonka, shi kuma bawan Allah da zuciya ɗaya ya bi mutane gida gida, mata da dattawa su ba shi saboda sun yarda da shi, ya haɗa ya tura a asusun wani mutum da bai taɓa gani ba, ran da aka goge gurup ɗin aka kashe waya wa za a kama? Shi mana. Su ba wanda ya san fuskarsu.

Tallafin gaske wahala gare shi wallahi. Ana neman takardar rijistar ƙungiya, asusun banki da sunan ƙungiya, rubutaccen tsarin aiki da kasafin kuɗi, da shaidar an yarda a yi dashe a filin. Tantancewa kan ɗauki watanni, kuɗin ma yawanci kashi kashi ake sakewa bayan an ga rahoto, har a tambayi itace nawa ya rayu. Majalisar Ɗinkin Duniya kanta ta sha gargaɗin cewa ba ta karɓar kuɗi a hannun mai nema. Ku duba adireshin imel ɗin da kyau, na gaske kan ƙare da un.org ko undp.org, idan kun ga gmail ku watsar. Kar ku bi linkin, ku buɗe shafin hukumar da kanku ko ku taka har ofis ɗinsu ku tambaya.

Wanda ya riga ya tura, maza ya kira bankinsa a rufe katin, ya ajiye rasit da hoton hirarsu kafin su goge, ya kai rahoto wajen 'yan sanda, ya kuma sanar da mambobi da wuri kar wani ya ƙara turawa. Idan wani ya kira daga baya ya ce zai ƙwato muku kuɗin amma sai kun ba da wani abu, kar ku ba shi ko sisi, sau da yawa su ɗin ne dai suka canza lamba.